Shin gwamnatin tarayyar Amurka za ta iya ƙayyade wa manomi abin da zai shuka a gonarsa?

Tambaya: An ce a Amurka an taɓa cin tarar wani manomi don ya noma alkamar da zai ci da iyalinsa, kuma Kotun Ƙoli ta ce daidai ne. Ta yaya ikon kula da ciniki tsakanin jihohi ya kai ga hatsin da bai bar gona ba? Ina iyakar wannan iko a yau?

Amsa: An yi haka, a shari'ar Wickard da Filburn wadda aka yanke a ranar 9 ga Nuwamba, 1942, kuma har yanzu hukuncin yana aiki. Sai dai yadda ake ba da labarin an ɗan rage masa gaskiya, kuma abin da aka rage ɗin shi ne ke sa mutane su kasa gane hujjar kotun.

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da ikon yin doka a kan duk abin da ta ga dama. Kundin tsarin mulki ya lissafa wa Majalisar Dokoki abubuwan da za ta iya taɓawa, sannan gyara na goma, na shekarar 1791, ya ce abin da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Noma ba ya cikin jerin. Abin da ke ciki, a Babi na ɗaya, sashe na 8, shi ne ikon tsara ciniki da ƙasashen waje, da tsakanin jihohi, da ƙabilun Indiyawan daji. A ƙarshen sashen kuma an ba Majalisa damar yin duk dokar da ake buƙata kuma ta dace don aiwatar da waɗannan iko. Duk rigimar a kan waɗannan jimloli biyu take.

Tun 1824, a shari'ar Gibbons da Ogden kan jiragen ruwa masu tururi tsakanin New York da New Jersey, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya fassara ciniki da faɗi, ya ce ya haɗa da zirga-zirga, ba saye da sayarwa kawai ba. Amma daga ƙarshen ƙarni na 19 kotun ta ja layi tsakanin samar da kaya da fataucinsa. Noma, haƙar ma'adinai da ƙere-ƙere aka ce harkar cikin jiha ce. Ikon tarayya sai kayan sun kama hanya. Da wannan layi ne a 1895 gwamnati ta kasa cin nasara a kan kamfanin da ya mallaki kusan kashi 98 cikin ɗari na masana'antar tace sukari a ƙasar. Da shi ne a 1918 aka soke dokar hana jigilar kayan da aka yi da ƙwadagon yara. A 1936, a shari'ar Butler, aka rushe dokar daidaita noma ta 1933, wadda ke karɓar haraji daga masu sarrafa amfanin gona tana biyan manoma su rage shuka. Alƙalai shida cikin tara suka ce ƙayyade yawan abin da ake nomawa hurumin jihohi ne. Layin ya fara gogewa a 1937, shekarar da Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi ƙara yawan alƙalan kotun, kuma kotun ta amince da dokar ƙwadago ta tarayya a shari'ar kamfanin ƙarfe na Jones da Laughlin.

Majalisa ta sake yin dokar noma a 1938, wannan karon ta jingina ta da ciniki. Ga yadda take aiki a kan alkama. Sakataren harkokin noma yana sanar da yawan ekar da ƙasa gaba ɗaya za ta shuka. A raba wa jihohi, jihohi zuwa gundumomi, kwamitin gunduma kuma ya yanka wa kowace gona nata. Idan aka ga alkamar da za a samu za ta wuce abin da ake ci a gida da wanda ake fitarwa da fiye da kashi 35 cikin ɗari, sai a ayyana kason sayarwa, wato iyakar alkamar da kowace gona za ta sayar ba tare da tara ba, a kuma kira manoman da abin ya shafa su jefa ƙuri'a. In fiye da kashi ɗaya bisa uku suka ƙi, an dakatar da kason. A ƙuri'ar 31 ga Mayu, 1941, kashi 81 cikin ɗari suka amince. Ba don son takura wa kansu ba: manomin da ya bi tsarin yana samun kusan dala 1.16 a kan kowane bushal a wannan shekara, alhali a kasuwar duniya senti 40 ne. Bushal ɗin alkama ya ɗan haura kilo 27.

Roscoe Filburn manomi ne a gundumar Montgomery ta jihar Ohio. Yana kiwon shanun tatsa, yana sayar da madara, yana kiwon kaji, yana sayar da kaji da ƙwai. Al'adarsa ya sayar da wani ɓangare na alkamarsa, ya ciyar da dabbobi da wani, ya niƙa kaɗan don gida, ya ajiye saura don iri. A watan Yuli 1940, kafin ya shuka, aka sanar da shi kasonsa: eka 11.1, wato kusan hekta huɗu da rabi, a kan ƙiyasin bushal 20.1 a kowace eka. Ya shuka eka 23. Daga rarar eka 11.9 ya girbe bushal 239, kimanin tan shida da rabi, ko buhu 65 na mai kilo ɗari. Aka ci shi tarar senti 49 a kan kowane bushal, jimilla dala 117.11. Yana da hanyar kauce wa tarar: ya adana rarar bisa ƙa'idar ma'aikatar noma, ko ya miƙa ta ga gwamnati. Bai yi ko ɗaya ba, sai kwamiti ya hana shi katin sayarwa. Ba tare da katin ba mai saye zai ji tsoron alkamarsa, domin bashin tarar yana bin amfanin gonar duka, ba rarar kaɗai ba.

Buhu 65 ba tuwon iyali ba ne. Yawancinsa cikin shanu da kaji zai shiga, ya fito a matsayin madara da ƙwai da ake kai wa kasuwa, kuma dokar da kanta ta ce ciyar da dabbar da za a sayar, ko wadda za a sayar da abin da ta samar, shi ma sayarwa ne. Wanda ya ce maka an ci tarar talaka don gurasar 'ya'yansa ya tsallake wannan. Amma kada ka ɗauka hakan ya rage nauyin hukuncin, domin kotun ba ta tsaya a nan ba. Ta karɓi maganar cewa alkamar a gona za ta ƙare, sannan ta ce ko da haka ne, tarayya na da iko.

Filburn ya ci nasara a ƙaramar kotu, amma ba a kan batun ciniki ba. Ƙorafinsa can shi ne sakataren noma Claude Wickard ya yi jawabi a rediyo yana kiran manoma su amince da kason, bai ambaci cewa tarar za ta tashi daga senti 15 zuwa 49 ba, kuma an ƙara ta ne 'yan kwanaki kafin ƙuri'a, bayan an daɗe da shuka. Kotun Ƙoli ta ture wannan. Ta saurari ƙarar sau biyu, alamar cewa batun bai zo wa alƙalan da sauƙi ba, sannan Mai Shari'a Robert Jackson ya rubuta hukunci ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba.

Hujjarsa hawa uku ce. Na farko, ya ce a daina yanke shari'a da suna. Ko an kira abin noma, ko ci, ko sayarwa, ko an ce tasirinsa kai tsaye ne ko ta bayan fage, ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko yana da tasiri mai nauyi a kan cinikin tsakanin jihohi. Na biyu, ya nuna yadda alkamar gida ke taɓa farashi. Wanda ya noma abincin dabbobinsa ya rage mai saye ɗaya a kasuwa. Kuma hatsin da aka ce na gida ne ba ya da alkawari: duk wanda ya ga yadda rumbu ke buɗewa a ƙauyukanmu idan gero ya yi tsada da bazara ya san abin da Jackson ke nufi da cewa irin wannan alkama tana rataye a kan kasuwa. Bayanan da ke gaban kotu sun nuna cewa abin da ake cinyewa a gonaki shi ne ya fi komai hawa da sauka, har bambancinsa ya kan wuce kashi 20 cikin ɗari na matsakaicin abin da ake nomawa. Tsarin da bai kula da wannan ba, farashin da yake son riƙewa zai zube. Na uku, kuma shi ne zuciyar hukuncin: buhunan Filburn kaɗai ba komai ba ne a kasuwar Amurka, amma ba shi ake aunawa ba. Ana haɗa shi da duk manoman da ke cikin irin halinsa, a auna jimillar.

Wannan hawa na uku shi ne ya sa hukuncin ya yi tsawon rai, shi ne kuma abin da masu suka ke kamawa. Suna cewa babu wani aikin ɗan Adam da za a tara na miliyoyin mutane a ce bai taɓa kasuwa ba, don haka in aka bi wannan hanya har ƙarshe, lissafa wa Majalisa iko ya zama aikin banza. Sukar tana da ƙarfi, kuma Jackson bai amsa ta da wata iyaka ta shari'a ba. Ya ce rikicin wanda doka ta cuta da wanda ta amfana, Majalisa ce za ta warware shi, ba kotu ba. Ya ƙara da cewa ba zalunci ba ne gwamnati ta ƙayyade abin da take tallafa wa, domin Filburn ma ya ci moriyar farashin da tsarin ya ɗaga.

Sama da shekara hamsin bayan nan kotun ba ta soke wata doka don ta wuce ikon ciniki a kan ayyukan mutane masu zaman kansu ba. Da wannan iko ne ma aka tilasta wa otal-otal da gidajen abinci na kudu daina wariyar launin fata a 1964, ciki har da wani ƙaramin gidan gashin nama a Birmingham ta Alabama, saboda naman da yake saye daga wata jiha yake zuwa.

Iyaka ta dawo a 1995, a shari'ar Lopez, kan dokar tarayya da ta hana riƙe bindiga a kusa da makaranta. Alƙalai biyar cikin tara suka soke ta, kuma Alƙalin Alƙalai William Rehnquist ya jera abubuwa uku da ikon ciniki ke kaiwa: hanyoyin da ciniki ke bi, kamar tituna da koguna, abubuwan da ake yin cinikin da su, da mutane da kayan da ke cikinsa, sai ayyukan da ke da tasiri mai nauyi a kansa. A rukuni na uku, tarawa irin ta Filburn tana aiki ne idan aikin na tattalin arziki ne. Riƙe bindiga ba sana'a ba ce. A 2000 aka maimaita haka a shari'ar Morrison. A 2012, kan dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, alƙalai biyar suka ƙara wata iyaka: ikon ciniki na tsara aikin da mutum ya riga ya shiga ne, ba ya tilasta masa ya sayi abin da bai yi niyya ba. An bar dokar ne a ƙarƙashin ikon haraji.

Ka lura, babu ɗaya daga waɗannan da ta taimaki manomi. Noma aiki ne, kuma na tattalin arziki ne. An tabbatar da haka a 2005, a shari'ar Gonzales da Raich. Jihar Kalifoniya ta halatta wa marasa lafiya shuka tabar wiwi don magani tun 1996. Jami'an tarayya suka lalata tushe shida na wata mata da ta shuka don kanta. Ba ta sayar ba, bai tsallaka iyaka ba, jiharta ta yarje mata. Alƙalai shida suka ce Filburn ya riga ya amsa tambayar. Suka kuma sauƙaƙa wa gwamnati: ba sai ta tabbatar cewa aikin ya taɓa kasuwa da gaske ba, ya isa a ce Majalisa na da dalili na hankali da za ta zaci haka.

Saboda haka lauyan da ya shawarci manomi ya je kotu da hujjar cewa kayansa ba su bar jiha ba, kuɗinsa kawai zai ci. Inda manoma suka yi nasara, ta wata ƙofa suka bi. A 2015 wasu masu noman zabibi a Kalifoniya sun kayar da ma'aikatar noma a shari'ar Horne. Tsarin tallan zabibi na wancan lokaci yana tilasta a miƙa wa kwamitin gwamnati wani kaso na amfanin shekara, kashi 47 cikin ɗari a kakar 2002 zuwa 2003. Kotu ta ce wannan ƙwace dukiya ne, gyara na biyar kuma ya wajabta diyya. Gwamnati za ta iya ce maka kada ka noma fiye da kaza, amma in ta ɗebi kayanka sai ta biya. A 2023 kuma, a shari'ar Sackett, aka taƙaita irin dausayin da dokar tsabtar ruwa ta tarayya ke kaiwa, aka ce sai wanda ruwansa ya haɗe a sarari, babu yankewa, da kogi ko tafkin da dokar ta rufe. Can ma fassarar dokar aka yi, ba a taɓa Filburn ba.

A aikace, irin kason da ya kama Filburn ya kusa ƙarewa, kuma siyasa ce ta kashe shi. Manoman alkama sun ƙi tsarin tilas a ƙuri'ar 1963. Dokar noma ta 1996 ta daina sharɗanta wa manoma barin wani ɓangare na gona ba shuka. An soke kason gyaɗa a 2002, na taba a 2004, aka biya masu riƙe da shi diyya. Sukari ne ya rage da kason sayarwa. Yau tarayya ta fi juya noma da kuɗi: tallafin inshorar amfanin gona, rance, da biyan gibi idan farashi ya faɗi. Sharaɗin kuma yana biye. Tun dokar 1985, wanda ya busar da dausayi ya maida shi gona, ko ya nome ƙasa mai saurin zaizayewa ba tare da tsarin kariya ba, yana iya rasa tallafin. Ba a hana shi ba, amma kaɗan ne ke iya jure rashin.

Wuraren da iyakar jiha ke da muhimmanci har yanzu, Majalisa ko hukuma ce ta zaɓi ta tsaya a nan, ba kotu ta tsayar da ita ba. Madarar da ba a dafa ba haramun ne a tsallaka iyakar jiha da ita don sayarwa a sha tun 1987, amma a cikin jiha kowace da dokarta. Wasu sun yarda a sayar a shago, wasu a gona kawai, wasu sun hana. Nama na sayarwa dole a yanka shi a ƙarƙashin duba. Jiha na iya kafa nata masu duba muddin ƙa'idarsu ta kai ta tarayya, amma naman da tambarin jiha ke kansa a cikin jihar za a sayar, sai ƙananan mayanka masu ma'aikata 25 ko ƙasa da aka shigar cikin wani shiri na musamman da dokar 2008 ta kawo. Dabbar da mutum ya kai a yanka masa don gidansa ba ta buƙatar duba, sai dai ana buga mata alamar ba ta sayarwa ba ce, kuma nan ne ƙananan makiyaya ke yawan faɗawa: su yanka sa a irin wannan mayanka, su yi ta sayar wa maƙwabta kilo-kilo. Hanyar da aka saba bi ita ce a sayar da dabbar, ko kaso a cikinta, tun tana da rai. Masu kaji suna da rangwame biyu, na kaza 1,000 da na 20,000 a shekara, dukansu da sharaɗin kada naman ya bar jiha. Mai kayan lambu da cinikinsa bai wuce dala 25,000 a shekara ba, bisa darajar dala ta 2011, ya fita daga ƙa'idar tsabtar kayan lambu ta tarayya.

Mai karatu daga Nijeriya kada ya ɗauko wannan ya ɗora wa tsarinmu kai tsaye, duk da cewa daga Amurka aka aro salon shugaban ƙasa a 1979. Kundin 1999 ya sa ciniki tsakanin jihohi a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya ambaci ƙayyade farashin kayan masarufi a fili, ƙasar noma kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ta a hannun gwamnoni. Abin da Amurkawa suka tono ta fassarar alƙalai, mu an rubuta mana wani ɓangarensa.

Akwai ɗaya gefen da tambayarka ba ta taɓo ba, kuma a nan ne rigimar noma ta fi zafi yanzu. Kotun ta daɗe tana cewa ba wa tarayya ikon ciniki yana nufin jiha ba za ta toshe kasuwarta ga kayan wata jiha ba, ko da Majalisa ta yi shiru. A 1935 aka hana New York tilasta farashinta a kan madarar Vermont. A 1951 aka soke dokar garin Madison na jihar Wisconsin da ta ce sai madarar da aka dafa cikin mil biyar daga tsakiyar gari. A 1970 Arizona ta so tilasta wa wani kamfanin noman cantaloupe, dangin kankana, ya gina wurin shirya kaya na kusan dala 200,000 a cikin jihar maimakon ya kai Kalifoniya, kotu ta ce nauyin ya fi amfanin. Ƙa'idar ita ce: dokar da ta fifita ɗan gida kusan kullum tana faɗuwa, sai in akwai haɗari na gaske da babu wata hanyar tare shi, kamar yadda aka bar Maine ta hana shigo da kifin tarko a 1986 saboda cututtuka. Wadda ba ta nuna bambanci ba kuwa, ana auna nauyinta da amfaninta.

A 2018 masu zaɓe a Kalifoniya suka hana sayar da ƙwai, naman maraƙi da naman alade daga dabbobin da aka cunkushe. Uwar alade sai ta samu aƙalla ƙafa 24 murabba'i. Jihar kusan ba ta kiwon alade, don haka makiyayan Iowa da Minnesota ne za su sake gina garkunansu. Suka kai ƙara, suka faɗi a 2023, domin dokar ba ta bambanta ɗan jiha da baƙo ba, kuma Mai Shari'a Neil Gorsuch ya nuna musu hanyar Majalisa. Majalisar tana da ikon share irin wannan dokar jiha da doka guda, a ƙarƙashin wannan jimla ta ciniki, kuma wakilan jihohin kiwo sun gabatar da ƙudurori na yin hakan.